Ina matan suke a tarihin katun?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun zane, burina in iya haɗa katun. Duk tarihin da na karanta sunayen maza nake cin karo da su: Walt Disney, Winsor McCay, Miyazaki. Wani ɗan ajinmu ma ya ce tun asali aikin maza ne, mata sai da kwamfuta ta zo suka shigo. Shin haka ne? In ba haka ba ne, me ya sa ba a jin sunayensu? Kuma wadda take son farawa da ɗan abin da ke hannunta, ta ina za ta kama?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu uku kika tambaya: ko mata sun yi aikin, dalilin ɓacewar sunayensu, da inda za ki fara. Ta farko amsarta gajeriya ce. Ɗan ajinku bai faɗi daidai ba. A cikin dogayen finafinan katun da suka tsira har yau, wanda ya fi kowanne daɗewa mace ce ta yi shi, Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger, a 1926, shekara 11 kafin Disney ya fitar da Snow White. Tambaya ta biyu ce mai nauyi, kuma jera miki sunaye ba zai warware ta ba. Sai kin ga yadda aka kasa aikin katun kashi-kashi, da wanda aka ba kowane kashi, sannan za ki gane inda sunayen suka shiga.

Lissafin da ya mai da zane masana'anta

Fim ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu ake wucewa da su da sauri, 24 a kowane sakan, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga kamar abu yana tafiya. Mai katun shi ne wanda yake ƙirƙirar waɗannan hotuna ɗaya bayan ɗaya. Don rage wahala akan ɗauki kowane zane sau biyu, wato zane 12 a sakan. Ko da wannan rangwamen, katun ɗin minti 7 sakan 420 ne, yana cin zane 5,040. Snow White minti 83 ne, gurbin hotonsa ya kusa 120,000.

Masu farawa su kaɗai suke shan wannan aiki ko da mataimaki ɗaya. Émile Reynaud ya nuna zanensa mai motsi a Paris a 1892, da hannu ya fente kowane hoto. Émile Cohl ya yi zane wajen 700 a 1908 don fim ɗin da bai cika minti 2 ba. Winsor McCay a 1914, a fim ɗinsa Gertie na wata ƙatuwar dabbar zamanin da, sai da aka riƙa sake kwafe duwatsu da ruwan da ke bayan dabbar a kowace takarda, sau dubbai. A wannan shekarar ce Earl Hurd ya yi rajistar dabarar da ta sauya komai: a yi zanen abin da yake motsi a kan fallen roba garau wanda ake ganin bayansa, ana ce masa sel, a ɗora shi a kan hoton fage guda ɗaya da ba ya canzawa.

Daga nan aikin ya rabu. Masu labari su tsara. Babban mai zane ya zana manyan tsayuwar motsi da fensir, ya rubuta lokacin kowace. Mai ciko ya zana waɗanda ke tsakani. Mai tawada ya kwafe layin a kan sel, mai fenti ya cike launi, mai dubawa ya tantance, mai kyamara ya ɗauka. A kamfanonin Amurka na shekarun 1930, matakan farko aka ba maza, tawada da fenti kuma, inda yawan hannu yake, aka cika da mata.

Abin da ake yi a ɗakin tawada da fenti

Zan daɗe a nan, domin mutane suna ɗaukar aikin nan kamar shafa launi a littafin yara, alhali ba su san shi ba.

Mai tawada tana ɗora sel a kan zanen fensir, duka biyun an soke su a kan turaku iri ɗaya da ke gindin teburin don kada su goce. Tana bin layin da alƙalami mai tsinin ƙarfe. Sel santsi gare shi, ba ya shan tawada kamar takarda, saboda haka ba a jan layi guntu-guntu, sai a ja shi a tafi ɗaya, daga kafaɗa ake juya hannu ba daga yatsu ba. Layin mai zane yana da kauri a wani wuri, siriri a wani, kuma wannan bambancin ne yake ba jiki nauyi. In ta ja shi da kauri ɗaya, zanen ya mutu. In kaurin ya bambanta daga sel zuwa sel ko da ɗan kaɗan ne, a majigi sai a ga layin yana rawa kamar tsutsa, don allon sinima yana ninka kuskuren sau ɗaruruwa. A manyan finafinan Disney ba baƙar tawada kaɗai ake amfani da ita ba, layin fuska launinsa daban, na gashi daban, na riga daban, duk a sel guda.

Sai a juya sel ɗin, a bayansa ake zuba fenti, don layin ya zauna tsaf a gaba. Ba shafawa ake yi ba, ɗiba ake yi da buroshi a tura fentin ya malala har bakin layi, ya yi kaurin da haske ba zai ratsa ba. In ya yi ruwa, tabo zai fito a ƙarƙashin fitilar kyamara. In ya yi kauri da yawa, zai tsage ya ɓare idan ya bushe. Launi ɗaya ake sawa a jira ya bushe kafin a sa na kusa da shi, in ba haka ba su cakuɗe. Ana sa farar safar hannu ta auduga, akan yanke bakin yatsun da ke riƙe alƙalami, saboda shatin yatsa ko ƙwayar ƙura ɗaya tana fitowa a allo.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Sel ba garau yake ɗari bisa ɗari ba, kowane falle yana ɗan dusashe abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ba a cika wuce falle huɗu a jere ba. Idan gangar jikin mutum tana falle na ƙasa, hannunsa mai motsi yana na sama, aka sa musu fenti iri ɗaya, hannun zai fi jikin haske. Dole a haɗa launi ɗaya kala-kala gwargwadon fallen da zai zauna, kowane da lambarsa. Mai fenti da ta ɗauko kwalbar falle na biyu ta shafa a na uku, rigar za ta riƙa ƙyaftawa a fim, a sake aikin kwanaki.

Kin ga matsalar? Wannan aiki ne wanda idan an yi shi daidai ba a ganinsa, sai an yi kuskure ake sanin akwai mai yinsa. A zamanin kuma jerin sunayen da ke jikin fim gajere ne, shugabannin sassa da manyan masu zane kawai ake sawa. Mata fiye da ɗari suka yi wa Snow White tawada da fenti, suna raba dare a watannin ƙarshe na 1937, amma sunayen ma'aikatan ɗakin ba su fito a allo ba. Masu rubuta tarihi na farko kuwa daga jerin sunayen allo suka fara, sai hira da mazan da sunansu ya fito. Abin da ba a rubuta ba, ba su same shi ba.

Kuma ba rashin iyawa ya tsayar da su a wannan ɗaki ba, doka ce ta kamfani. Akwai wasiƙar da kamfanin Disney ya aika wa wata budurwa mai neman aiki a watan Yuni 1938, har yau tana nan. An gaya mata ƙarara cewa mata ba sa yin aikin ƙirƙira a shirya katun, samari ne kaɗai suke yi, don haka ba a ɗaukar 'yan mata a makarantar horon kamfanin, abin da ya rage musu shi ne tawada da fenti. Albashi ma haka: a daidai lokacin da ma'aikatan kamfanin suka shiga yajin aiki a watan Mayu 1941, manyan masu zane suna iya karɓar dala 300 a mako, na can ƙasa kuma akwai mai dala 12.

Duk da haka wasu sun tsallake katangar. Lillian Friedman ta zama mai zanen motsi a kamfanin Fleischer a 1933, ta yi aiki a katun ɗin Betty Boop da Popeye, sunanta ya fito a kaɗan daga cikin waɗanda ta zana. LaVerne Harding ta yi shekaru tana zana Woody Woodpecker a kamfanin Walter Lantz. Bianca Majolie ta shiga sashen labari na Disney a 1935. Retta Scott ce mace ta farko da Disney ya rubuta sunanta a matsayin mai zanen motsi, a Bambi na 1942, kuma abin da ta zana shi ne garken karnukan farauta masu kai hari, wurin da ya fi ko'ina tsanani a fim ɗin. Mary Blair ita ta tsara launin Cinderella na 1950, Alice in Wonderland na 1951 da Peter Pan na 1953.

Akwai kuma wadda ta riga su duka, ta ɓangaren kasuwa. Margaret Winkler ita take rarraba katun ɗin Felix the Cat, tana sa hannu da haruffan M. J. don kada a gane mace ce. Ita ta ba Walt Disney kwangilarsa ta farko mai tsoka. Ranar da aka ƙulla kwangilar, 16 ga Oktoba 1923, ita ce ranar da kamfanin Disney yake ƙirgawa a matsayin ranar kafuwarsa. Da ta yi aure a 1924 mijinta Charles Mintz ya karɓi ragamar kasuwancin, sunansa ne ya fi zama a littattafai.

Inda babu masana'anta

Ki lura da wannan, don shi ne hujjata mafi ƙarfi. Duk inda aikin bai zama layin masana'anta ba, inda mutum ɗaya ko biyu suke zaune da teburinsu, sunayen mata suna fitowa tun da wuri, kuma a kan gaba.

Lotte Reiniger an haife ta a Berlin a 1899. Ba ta zana motsi da fensir ba, da almakashi ta yi. Tana yanka mutane da dabbobi daga baƙin kwali da siririn fallen darma, kowace gaɓa daban, ta haɗa su da 'yar waya. Ta kwantar da su a kan gilashi, fitila a ƙasa, kyamara a sama tana kallon ƙasa. Abin da kyamara take gani inuwa ce baƙa ƙirin a kan haske. Ta matsar da hannu ɗan kaɗan, a ɗauka, ta sake matsarwa, a ɗauka. Daga 1923 zuwa 1926 ta yi wannan a wani ɗakin sama mai gajeren rufi a Potsdam, mijinta Carl Koch yana kan kyamara, Walter Ruttmann da Berthold Bartosch suna taimakawa da fage. Don a ga nisa da kusa, sun jera gilasai hawa-hawa a ƙarƙashin kyamarar, fiye da shekara 10 kafin Disney ya fara amfani da tasa kyamarar mai hawa-hawa a 1937. Labarin fim ɗin kuwa ba baƙonmu ba ne, daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi: ɗan sarki Ahmad, dokin sihiri mai tashi sama, da Alauddin mai fitila. An yi wani dogon katun a Ajantina a 1917, na Quirino Cristiani, amma ya ɓace, shi ya sa nata ne mafi daɗewa da ake iya kallo.

Abin da ya sa nake girmama aikin shi ne ta hana kanta duk abin da mai katun yake dogaro da shi. Babu ido, babu murmushi, babu launin fuska. Tsoro, kunya, yaudara, duk sai a karkatar wuya da buɗewar yatsu. Wanda ya iya wannan ya iya motsi.

Sauran zan wuce da sauri. Claire Parker, 'yar Amurka mazauniyar Paris, ita da Alexandre Alexeieff suka ƙera allon allurai, dubban ɗaruruwan allurai da ake turawa ciki da waje inuwarsu ta ba da hoto, suka fitar da fim da shi a 1933. A Tarayyar Sobiyet 'yan'uwa biyu, Valentina da Zinaida Brumberg, sun shafe wajen shekara 50 suna ba da umarni. Hermína Týrlová a ƙasar Cek ta yi suna da 'yan tsana da zare da ƙyalle. Joy Batchelor ita da mijinta John Halas suka yi Animal Farm a Ingila a 1954. A hukumar finafinai ta Kanada akwai Evelyn Lambart, sai Caroline Leaf wadda ta yi katun da rairayi a kan gilashi, ta kuma yi da ɗanyen fenti tana goge shi da yatsa. A Japan kuwa, inda aka kwaikwayi tsarin masana'anta, labarin ya koma irin na Amurka: Reiko Okuyama ta shiga kamfanin Toei a 1957, sai da ta yi gwagwarmaya ta ƙungiyar ma'aikata kafin ta ci gaba da aiki bayan ta haihu. Kuma launin da kike gani a yawancin finafinan Miyazaki, Michiyo Yasuda ce ta zaɓe shi.

Na'ura ta zo, ta fara da kujerun mata

Maganar ɗan ajinku cewa kwamfuta ce ta shigo da mata, kusan a juye take. Na'urar farko da ta shigo ɗakin katun korar mata ta yi. A 101 Dalmatians na 1961 Disney ya koma kwafe zanen fensir kai tsaye a kan sel da injin Xerox, masu tawada da yawa suka rasa aiki. Shi ya sa layin katun ɗin shekarun 1960 da 1970 yake da kaushi kamar na fensir. Daga baya aka riƙa tura aikin fenti Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan inda lada ya fi araha. A 1990 Disney ya fitar da dogon fim na farko da aka yi wa launi gaba ɗaya a kwamfuta, sel ya kama hanyar ɓacewa.

Kujerar darakta a manyan kamfanonin Amurka kuma ta daɗe ba ta buɗe wa mata ba. Jennifer Yuh Nelson ce mace ta farko da ta ja ragamar dogon katun na babban kamfanin Hollywood ita kaɗai, Kung Fu Panda 2, a 2011. Brenda Chapman ita ta ƙirƙiro Brave, aka sauke ta daga kujerar ana tsakiyar aiki, amma ta karɓi kyautar Oscar a 2013 tare da wanda ya gaje ta. Jennifer Lee ta rubuta Frozen na 2013 kuma ta yi tarayya a ba da umarninsa. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka fitar a 2019 ya duba manyan finafinan katun daga 2007 zuwa 2018, ya samu mata kashi 3 cikin ɗari ne na daraktocin.

A nahiyarmu, cikin waɗanda suka share fagen akwai ɗan Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya yi katun ɗin kwaɗi a tsakiyar shekarun 1960, ya yi shekarunsa na ƙarshe yana zaune a Tawa. A Masar Mona Abul Nasr ta yi Bakkar, yaron Nuba da yaran ƙasar suka tashi suna kallo a watan azumi tun 1998. Marguerite Abouet 'yar Kwaddibuwa ta mai da labarinta na Aya fim a 2013. Ng'endo Mukii ta Kenya ta yi gajeren fim a kan shafa man bilicin a 2012. Malenga Mulendema ta Zambiya ta ƙirƙiro Supa Team 4 da ya fito a Netflix a 2023, marubutansa duk mata ne 'yan Afirka.

Gargaɗi ɗaya game da duk abin da na jera. Bayanin ya fi nauyi ta wajen Amurka saboda can aka fi adana takardun albashi da wasiƙu, ba don can kaɗai aka yi aikin ba. Kalmar "ta farko" kuma ki riƙe ta da sassauci. An daɗe ana cewa Lillian Friedman ce farkon mai zanen motsi a Amurka, sai a 2022 mai bincike Mindy Johnson ta tono aikin Bessie Mae Kelley, wadda take zana katun tun kafin nan da fiye da shekara 10.

Ta ina za ki kama

Shawarata ki fara da hanyar Reiniger, kafin kwamfuta. Ba don araha kaɗai ba. A hanyar inuwa ba kya ɓata lokaci wajen sake zane, hankalinki duka yana kan tazara da lokaci, kuma su ne sana'ar. Mafi yawan masu koyon da nake gani sun iya zane mai kyau, motsin ne yake ba su kashi.

Kayan aiki: fallen gilashi kamar santimita 40 a 60, a manna tef a gefensa saboda yanka. Farar takarda mai shara-shara a shimfiɗa a kai don ta baza haske. Baƙin kwali mai ɗan ƙarfi, ƙaramin almakashi mai tsini, reza, allura, da siririyar wayar tagulla irin ta cikin tsohuwar wayar lantarki ko zare mai ƙarfi. A ɗora gilashin a kan kujeru biyu ko akwatin da aka buɗe samansa, fitila a ƙasa da tazarar santimita 30 zuwa 40. In ta matso kusa, tsakiya zai yi fari fat gefe ya yi duhu. Ki yi amfani da fitilar caji wadda ta cika, ba ta wutar gida ba, don wutar gida tana hawa tana sauka, kuma kowane sauyi zai fito a fim kamar walƙiya. Ki rufe taga saboda dalili ɗaya: rana tana tafiya.

Wayarki ki ɗaure ta a sama tana kallon ƙasa, ɗauri na gaske. A cikin manhaja irin Stop Motion Studio ki kulle haske, ki kulle saitin gani, ki kulle launi, in ba haka ba wayar za ta riƙa gyara su da kanta duk sanda hannunki ya shiga ya fita. Kada ki taɓa wayar wajen ɗauka, ki yi da maɓallin abin sauraro na kunne ko na'urar latsawa daga nesa. Girgizar milimita ɗaya tana sa duniyar fim ɗin duka ta yi tsalle.

Mutum-mutumin ki yi shi tsawon santimita 20 zuwa 25, a gefe yake kallo, domin inuwar mai fuskantar gaba dunƙule ce kawai. Gaɓoɓi: wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Kowace gaɓa ki yanka bakinta da'ira, ta hau kan 'yar'uwarta da kamar santimita ɗaya, ki huda tsakiyar da'irar daidai. In hudar ta kauce daga tsakiya, kusurwa za ta ɓullo duk sanda aka lanƙwasa, in kuma hawan ya yi kaɗan haske zai ɓulla ta tsakani. Ɗaurin kada ya yi sako-sako har gaɓa ta zame da kanta, kada ya yi tsauri har jan hannu ya ja jiki duka. Kwali yana nannaɗewa da zafi ko damshi, inuwar ta yi dishi-dishi a gefe. Reiniger darma ta sa don nauyi, ke kada ki taɓa darma, guba ce. Ki danne da wani gilashin a sama, ko ki manna ƙafar da ke ƙasa da ɗan tef mai fuska biyu.

Ki saita hoto 12 a sakan. Sakan 10 hoto 120 ne, zai ci miki awa biyu ko fiye a farko. Gwajin farko kada ya zama mutum, ki yanka da'ira ki sa ta faɗo ta yi tsalle. Doka ɗaya ce: tazara mai faɗi sauri ce, tazara ƙarama sanyi ce. Hannun da zai ɗaga, ki matsar da bakinsa milimita 1, sai 2, 4, 7, 7, 4, 2, 1. In kika yi tazarar daidai wa daida zai tafi kamar inji. Idan motsi ya ƙare ki bar shi tsaye hoto 6 zuwa 8 kafin na gaba, don masu koyo sun fi yin kuskuren rashin tsayawa, mai kallo ya kasa karanta abin da ya faru. Tafiya ta yau da kullum taku biyu ne a sakan, wato hoto 6 kowane taku. Ƙafar da ke ƙasa ba ta motsi ko kaɗan, jiki ne yake wucewa ta kanta, yana ɗan sauka bayan an taka, ya ɗan hau a tsakiya. In ƙafar ta zame, sai ya zama kamar mai tafiya a kan santsi.

Bayan wata biyu ko uku a kan wannan sai ki koma kwamfuta. Krita da Pencil2D da OpenToonz da Blender duk kyauta ne, lissafin kuma bai canza ba.

Idan kin fara aiki da wasu, ga inda tarihin nan zai yi miki amfani. Yawancin 'yan matanmu da suka saba zanen lalle suna da tsayayyen hannun da masu tawada suke shekara suna nema, kuma da an ga haka za a ce ke ce mai gyaran layi da launi. Ki iya su, sana'a ce mai daraja, amma ki nemi a ba ki wani fage ki motsa shi daga farko har ƙarshe, ki kuma zauna inda ake tsara labari. Kafin a fara kowane aiki a rubuta a takarda wane aiki za ki yi da yadda sunanki zai fito a allo. Ki ajiye asalin fayilolinki da kwanan wata.

Labari kuwa kina da shi a gida, tatsuniyar da kakanni mata suke yi da dare ta dace da inuwa sosai. Sai dai kada ki fara da Gizo a siffarsa ta ƙafa takwas: gaɓa biyu a kowace ƙafa, gaɓa 16 ke nan za ki taɓa kafin kowane hoto. Ki fara da kaza tana tsattsagar hatsi. Gaɓa huɗu ta ishe ta, wuya, kai, da ƙafa biyu, kuma sakan 5 kacal, hoto 60.